Ƙugiyar da Muke Yarwa: Daga Gyaɗi-Gyaɗi Zuwa Ƙasar Mayawa

Yau ma daga Gyaɗi-Gyaɗi nake magana da ku, a ƙaramar hukumar Tarauni, kuma da sunan unguwar nan za mu buɗe hirar.

Duk wanda ya bi Titin Zariya ya duba allunan shaguna, da na makarantu, da na kemis, zai ga yawanci an rubuta "Gyadi-Gyadi" da d irin ta dawa da doya. Amma tsayar da ɗan adaidaita sahu ka faɗa masa sunan yadda aka rubuta shi, nan take zai gane baƙo ne kai. Mu da muke nan Gyaɗi-Gyaɗi muke cewa, da ɗ irin ta ɗaki. Haka Ɗorayi, haka Ƙoƙi, haka Ƙofar Mata, haka Ɗan Agundi. Baki yana faɗar abu ɗaya, allo yana nuna wani. To yau wannan 'yar ƙugiya da ke kan ɓ da ɗ da ƙ za mu tattauna a kai: me take nufi a cikin maƙogwaro, su wa muka yi tarayya da su a duniya wajen irin wannan furuci, kuma me muke asara idan muka yar da ita.

Bari in fara da asarar, don kada wani ya ce ai wannan maganar malaman jami'a ce. A ce ka aika ƙaninka da kuɗi ya kai wa Hajiya. Can anjima wani ya turo maka saƙo a WhatsApp: "kudin ya bata". Me ka karanta? Kuɗin ya ba ta, hankalinka ya kwanta? Ko kuɗin ya ɓata, ka fara salati? Ko a ce maka "su Baba suna fada". Suna fada wajen sarki, ko suna faɗa a je a raba? Ko mai addu'a ya rubuta "Allah ya kare", wani ya karanta "ya ƙare". Soro daban, tsoro daban. Saya daban, tsaya daban. Koko ana sha, ƙoƙo ana sha da shi. Bari magana ce ta kullum, ɓari kuwa jarrabawa ce ga mace da danginta. Duk waɗannan sauti ɗaya tak ne ya raba su.

Yanzu ina so mu yi wani ɗan gwaji tare, ko a mota kake, ko kina kicin. Ɗora yatsa a kan zakaran wuyanka, a hankali. Mata ma akwai shi, bai dai fito fili ba ne. Ce "ka, ka, ka". Sannan ce "ƙa, ƙa, ƙa". Kun ji? A wajen ƙa, abin yana yin tsalle sama. Yauwa. Yanzu ce "ba, ba", sannan "ɓa, ɓa". A wajen ɓa yana ɗan nutsewa ƙasa. Gwaji na biyu: ɗauke numfashi kamar ka nutse a ruwa, kada ka saki. A haka za ka iya ƙyasta ƙ, ƙ, ƙ har sau da yawa, tana fita ƙas-ƙas. Gwada yin "ha" a haka, ba za ta yiwu ba.

Dalili shi ne, yawancin sautukan da ɗan Adam ke yi da iskar huhu ake yin su. Huhu ya turo iska, leɓɓa ko harshe su tare ta ko su matse ta, sauti ya fito. Turanci kaf haka yake, Larabci ma haka. Amma mu muna da wani famfo na biyu a wuya. A cikin zakaran wuya akwai wasu tantani guda biyu, da 'yar ƙofa a tsakaninsu, wadda masana ke kira maƙwallato. Idan za ka ce ƙ, wannan ƙofa tana rufewa ruf, bayan harshe kuma ya rufe can sama a hanɗa. Iska ta makale a tsakani ke nan. Sai zakaran wuya ya yi sama ya matse ta, harshe ya saki, ta fashe. Kamar sirinjin allura ne: toshe bakinsa da yatsa, tura sandar, ka cire yatsan, za ka ji ɗas. A littattafan tsarin sautin Hausa, irin na Farfesa Mu'azu Sani Zariya na Jami'ar Bayero, ana kiran wannan rukuni tunzurau. Su ne ƙ, ƙw, ƙy da ts. Eh, har da ts. Haruffa biyu muke rubutawa, amma sauti ɗaya ne, kuma 'yar gidan su ƙ ce duk da ba ta da ƙugiya.

Idan kuma ka ja sandar sirinjin baya, wurin ya ƙara faɗi, iska ta nemi shiga maimakon fita. Wannan shi ne ɓ da ɗ, kuma sunansu haɗiyau, don kamar haɗiye sautin ake yi. Masanin furuci Peter Ladefoged, a littafinsa na 1964 kan harsunan Afirka ta Yamma, ya lura cewa a Hausa abin da ya fi fito da ɓ da ɗ shi ne yadda tantanin nan ke ɗaurewa, murya ta ɗan shaƙe. Shi ya sa ɗa take da wani ɗan ƙugi wanda da ba ta da shi. Sai 'y, ta cikin 'ya, 'yan, 'yanci. Asalinta ɗ ce da y suka narke wuri ɗaya, kuma hujjar tana bakin Sakkwatawa da Katsinawa har gobe: inda Bakano zai ce 'ya, su ɗiya suke cewa. A Nijar ita ma an ba ta ƙugiyarta, ana rubuta ƴ. Cikon su hamza, wato tsayawar nan da ke tsakiyar sa'a da jama'a.

Harsuna da dama suna da ɗaya daga rukunan nan biyu. Fulatanci yana da ɓ da ɗ da ƴ, amma ba shi da ƙ. Amharanci na Habasha yana da tunzurau. Amma harsunan da suka haɗa tunzurau da haɗiyau a baki ɗaya ba su da yawa a duniya. Hausa na ciki. Kuma a cikin 'yan kaɗan ɗin nan akwai wasu mutane da ke can ƙetaren Tekun Atalantika, waɗanda ba mu haɗa kaka da su ba, ba mu haɗa kasuwa ba: Mayawa.

Mayawa su ne 'yan asalin yankin da yanzu ya zama Gwatemala, da kudancin Meksiko, da Beliz. Su ne masu dalar duwatsun nan da kuke gani a hotuna, masu kalanda da rubutun kansu tun kafin Turawa su je. Kuma suna nan da ransu. Harsunansu sun kai wajen 30, masu magana da su miliyoyi ne. K'iche' kaɗai, harshen Rigoberta Menchú wadda ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1992, yana da masu magana fiye da miliyan ɗaya.

Ku lura da wannan ɗan waƙafi da ke saman k a sunan K'iche'. Ƙugiyarsu ke nan. Da Bahaushe ne zai rubuta farkon sunan, ƙ zai sa. A harshen Maya na yankin Yukatan, kaan maciji ne, k'áan ragar kwanciya ce da ake ɗaurewa tsakanin ginshiƙai biyu, ka'an kuma sama ce. Kun ga, k lami, da ƙ, da hamza, kowacce da ma'anarta, kamar dai kara da ƙara a wajenmu. Rana a wajensu k'iin ce, wuta k'áak'. Bature zai sha wuya kafin ya furta waɗannan, amma yaron Tarauni zai faɗe su a karon farko. Suna da tz', wadda kusan ts ɗinmu ce. Suna da t' da ch'. Har sun fi mu a wani wuri: K'iche' yana da k, da k', da q, da q', guda huɗu, biyun ƙarshe can kusa da beli ake yin su. Sannan ga abin da ya fi ba ni sha'awa. A yawancin harsunan Maya, duk 'yan gidan nan waje suke fashewa, amma b' ita ciki take nutsewa, kamar ɓ ɗinmu. Hanya a K'iche' b'e ce, kusan "ɓe".

To me ya sa? Me ya sa mu da su duka muka sa mai nutsewa a leɓɓa, mai fashewa a can baya? Me ya sa Hausa ba ta da g mai ƙugiya? Wanda ya tattara amsar wannan, wani Ba'amurke ne da ya san ƙasar Kano, Joseph Greenberg. Ya zo nan a 1938 zuwa 1939 ya yi bincike a cikin Maguzawa, kuma daga baya shi ne ya tsara rabe-raben harsunan Afirka da aka fi amfani da shi, inda Hausa ta zauna a reshen Cadi. A 1970 ya fitar da wani nazari da ya kwatanta harsuna masu yawa, ya nuna cewa haɗiyau sun fi son gaban baki, tunzurau sun fi son baya.

Mu koma ga sirinjinmu. Idan iskar da ke ciki 'yar kaɗan ce, turawa kaɗan za ka yi ta matsu ta yi ƙara. Tsakanin maƙwallato da hanɗa wurin ƙanƙane ne, don haka ƙ take fita da kaifi ba tare da wahala ba. Tsakanin maƙwallato da leɓɓa kuwa fili ne babba, ga kumatu masu laushi, matsa iska a nan ba ya ba da ƙara sosai. Amma babban fili ya dace da nutsewa, don murya tana samun wurin da za ta ci gaba da kaɗawa. Wato halittar baki ce ta tsara abin. Bahaushe da Bamaye ba su kwaikwayi juna ba, maƙogwaro iri ɗaya aka ba su, kowa ya bi hanyar da ta fi sauƙi.

Akwai kuma wata doka da muka yi tarayya, kuma wannan ku riƙe ta da kyau, don za ta gyara muku rubutu daga yau. A asalin kalmar Hausa guda ɗaya, da wuya ƙwarai ka ga 'yan gidan nan biyu mabambanta sun zauna tare. Iri ɗaya suna maimaituwa: ƙoƙo, ƙwaƙwalwa, tsutsa, ɓaɓɓake. Amma ƙ da ɗ a saiwa ɗaya, ko ɓ da ƙ, ko ts da ɗ, harshen ba ya so. Shi ya sa kuɗi ne, ba "ƙuɗi" ba. Kaɗan ne, ba "ƙaɗan" ba. Ɗauka, ɗaki, ɗinki, kiɗa, kwaɗayi, kuɓewa, duk k ɗinsu lami ce. A ɗaya gefen kuma ƙoda, ƙuda, ƙidaya, d ɗinsu lami ce. Ina yawan ganin masu kishin Hausa a Facebook, sun sauke allon rubutu mai ƙugiya, sai su bi kowace k su rataya mata. Niyyar mai kyau ce, amma idan ka riga ka sa ƙugiya ɗaya a kalma, tsaya ka furta kafin ka ƙara wata daban. Inda dokar ke karyewa shi ne kalmomin aro, kamar ɗariƙa daga Larabci, ko inda kalmomi biyu suka haɗu, kamar ɗan ƙasa. Can ma a Yukatan haka abin yake: k'áak' wuta, ch'íich' tsuntsu, tunzurau iri ɗaya gaba da baya, amma mabambanta biyu a saiwa ɗaya ana guje musu.

Tunda na ambaci Larabci, ga wani abu da duk ɗan Islamiyya ya sani a aikace. Larabci ba shi da ƙ, ba shi da ɗ. Amma da kakanninmu suka ari kalmomi, sai suka ɗauki haruffan Larabci masu nauyi suka ba su sautukanmu masu nauyi. Harafin ƙaf ya zama ƙ: alƙali, alƙalami, ƙabila, alƙibla. Ɗa mai hannu ya zama ɗ: ɗalibi, ɗahara, ɗawafi, sharaɗi. Shi ya sa malamin tajwidi yake ta fama da ɗalibi a kan ƙaf. Ta Larabci da iskar huhu ake yin ta, can wajen beli. Tamu da maƙwallato ake yi. Sun yi kama a kunne, amma ma'aikatarsu daban.

Rubuta waɗannan sautuka kuwa tsohuwar matsala ce, a nan da can. A ajami an samu sauƙin ƙ da ɗ saboda haruffan nan biyu na Larabci, aka ƙara wa ɗa mai hannu ɗige-ɗige ta zama tsa, amma marubuta da yawa b da ɓ harafi ɗaya suke ba su. Da boko ya zo, Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makaranta a Nassarawa a 1909, kuma gidansa yana nan ba nisa da mu, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Aka yi ta gwaje-gwaje, wasu su sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu waƙafi a sama. Babban ƙamus ɗin Bargery na 1934 da waƙafi ya yi amfani: 'b, 'd, k'. A cikin shekarun 1930 ne hukumar talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta rungumi haruffa masu ƙugiya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, da Abubakar Imam a matsayin edita, ta kai su lungu da saƙo.

Mayawa ma sun bi irin wannan hanya. Da Sifaniyawa suka ci ƙasarsu a ƙarni na 16, haruffan Latin suka kasa ɗaukar sautukan. Wani limamin Kirista mai suna Francisco de la Parra ya ƙirƙiro sababbin haruffa, ɗaya mai kama da lamba 3 a juye, ɗaya mai kama da 4, don a rubuta q' da k'. Daga baya rubutu ya rarrabu, kowa da salonsa, sunaye suka koma yadda Basifaniye zai iya faɗa, K'iche' ya zama Quiché. Sai a 1987 gwamnatin Gwatemala ta amince da haruffa na bai-ɗaya, bayan Mayawa masu ilimin harshe sun tsaya kai da fata, kuma a 1990 doka ta kafa cibiyar harsunan Maya ta ƙasar. Suka zaɓi waƙafi, abin da kowace tafireta ke da shi. Su sai da suka yi gwagwarmaya kafin a mayar musu da alamar cikin sunansu. Mu tamu tana hannunmu sama da shekara 80, mu ne muke sakinta da kanmu.

Na san abin da wani zai ce: ai ko ba ƙugiya ana ganewa. Gaskiya ne, sau da yawa ana ganewa. Amma ku tuna rubutun Hausa ya riga ya bar wa mai karatu kaya biyu. Ba ma nuna karin sauti, ba ma nuna tsawon wasali. Shi ya sa gado na kwanciya da gado na magada rubutunsu ɗaya. Baƙi na launi da baƙi na zaure su ma ɗaya. Idan ka cire ƙugiya, baki na cin tuwo ya shigo, kalma uku ke nan a rubutu guda. Kai da ka tashi a Gyaɗi-Gyaɗi kunnenka zai cike maka gurbin. Yaron da aka haifa a Legas ko Jidda ko Landan, wanda rabin Hausarsa a waya yake ganinta, wa zai cike masa? A zangunan Gana, inda Hausa ta daɗe tana zama harshen kasuwa, masu magana da yawa ba sa raba k da ƙ, ko d da ɗ. Ba laifinsu ba ne, haka harshe yake sauyawa idan ya yi nisa da gida. Amma yana nuna mana cewa bambancin nan abu ne da ke iya zubewa.

Sannan ga na'ura. Manhajojin fassara, da masu karanta rubutu da murya, da masu mayar da magana rubutu, duk daga abin da muke rubutawa suke koyo. Idan mun cika intanet da kasa, qasa, k'asa da ƙasa, kalma ɗaya ta rabu huɗu, ɗaya daga ciki kuma ta cakuɗe da kasa ta gazawa da kasa maciji. Ranar da na'ura ta karanta wa makaho ko tsohuwa saƙon asibiti da irin wannan Hausa, mu ne muka koya mata.

Masu rubuta q da k', musamman marubutan littattafai a WhatsApp da Wattpad, ni ina ganin ƙoƙarinsu, don kunnensu ya ji bambancin, hannunsu ya nemi hanya. A zamanin tafireta da wayar maɓalli uzuri ne mai ƙarfi. Yau kuwa uzurin ya ƙare. Idan Gboard kake amfani da shi, shiga saiti, je wajen harsuna, ƙara Hausa. Za ka samu ƙ, ɗ, ɓ, ko dai a fili ko ka danne harafin ka ɗan riƙe. Minti biyu bai cika ba. Masu buga alluna da masu zanen kwamfuta na unguwa, ku ma manyan haruffan suna nan: Ɓ, Ɗ, Ƙ. Mai shago ba zai ƙi ba idan kun nuna masa.

Ga aikin gida kafin mako mai zuwa. Na farko, kowa ya rubuto mana sunan unguwarsu ko garinsu yadda tsofaffin wurin ke furta shi, da ƙugiyarsa in yana da ita. Na biyu, ku nemo mana kalmar Hausa ta asali, ba aro ba, ba haɗaɗɗiya ba, wadda ta ƙunshi biyu mabambanta daga cikin ɓ, ɗ, ƙ da ts. Wanda ya samo, ya faɗa mana a wane gari ake faɗarta, don wataƙila karin harshen wani yanki ya adana abin da Kananci ba shi da shi. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Sakkwato, ku musamman muna jiran ku. Maraɗi ma, kun ga, ga ta nan da ƙugiyarta.

A nan za mu dakata. Wanda ya ji ya amfana, ya tura wa wani.